Kwafin ranar Alhamis: yadda imel na shekara uku ya kusa salwanta a wani ofishin fataucin riɗi

Ofishin ɗaki biyu ne da ɗan baranda, a bakin titin da ya nufi kasuwar Dawanau daga cikin garin Kano. Sana'arsu sayen riɗi da zoɓorodo da busasshiyar citta, a gyara, a ɗura a buhu, a tura Legas a loda a kwantena. Riɗin ya fi tafiya Turkiyya da ƙasashen Asiya, zoɓon kuwa yawanci Meziko yake nufa. Irin wannan ciniki ba a baki ake riƙe shi ba. Farashi da nauyi, yawan danshin da mai saye zai lamunta, ranar lodi, fom ɗin NXP na banki da ake cikewa don fitar da kaya waje, takardar shaidar lafiyar kayan gona, takardar jirgin ruwa, duk ta imel suke shiga su fita. Imel ɗin kuma gaba ɗayansa a kwamfuta guda yake zaune, ta kan teburin akawu, a cikin manhajar imel ta Outlook 2016.

Shekara tara ke nan ni nake duba musu kwamfuta. Ba ma'aikacinsu ba ne ni, kirana ake yi in zo. Wata ranar Talata da hantsi akawun ya bugo mini waya. Dattijo ne mai natsuwa, ba ya kiran mutum a kan ƙaramin abu.

"Injiniya, kwamfutar nan ta yi nauyi. In na buɗe saƙo sai ta tsaya cak, fuskar ta yi fari. Kuma akwai wata 'yar ƙara da take yi daga ciki, ƙas-ƙas-ƙas, ta yi shiru, ta sake."

Na ce, "Malam, don Allah kashe ta yanzu, kada kowa ya sake kunnawa sai na zo. Kwafin ajiyar ranar Alhamis yana nan?"

"Yana nan. Ban taɓa tsallake mako ba."

Da wannan amsa na hau babur hankalina kwance. Wannan ƙara na san ta, faifan ajiyar kwamfuta ne ya kama hanyar mutuwa. Amma in akwai kwafin makon jiya, aikin bai wuce a sa sabon faifai a mayar da kaya ba.

Adireshin imel ɗin ofishin da sunan kamfaninsu yake, akwatin da suke haya a saba, wato kwamfutar kamfanin da ke riƙe musu imel a intanet, kuma ƙarami ne, giga 2. Shi ya sa tun farko da tsarin POP aka haɗa shi. A wannan tsari Outlook yana zuwa saba ya kwaso sababbin saƙonni, ya zuba su a fayil guda a cikin kwamfutar, mai ƙarewa da .pst. Daga Outlook 2010 zuwa sama, in ba a taɓa saitin ba, yakan bar kwafi a saba na kwana 14 sannan ya goge. Saƙonnin da ofis ya aika kuwa ko kwana ɗaya ba sa yi a akwatin saba, a fayil ɗin kawai suke. Adireshin abokan ciniki da kalanda ma can suke. Duk abin da ya wuce mako biyu, in fayil ɗin nan ya tafi, ya tafi ke nan. Mutane sun saba da Gmail a waya, inda in waya ta faɗa ruwa sai a sayi wata a shiga a tarar da komai, don haka suke ɗauka kowane imel a intanet yake. Alhaji mai ofishin ma haka ya ɗauka.

Abin da ke cikin filash

Ina isa akawu ya jawo durowa ya miƙo mini filash mai giga 32, an ɗaura masa jan zare don kada ya ɓata. A jikin bango, daidai saman kwamfutar, ga takardar da na rubuta da hannuna tun shekarun farko, salatif ɗin har ya koma ruwan ƙasa: a rufe Outlook, a buɗe shotkot ɗin da ke fuskar kwamfuta mai suna Ajiya, a kwafi Outlook.pst, a zuba a filash, a sallami filash kafin a zare shi.

Na soka filash ɗin a laftof ɗina. Fayil yana nan, giga 3.6. Girman ne ya fara tsaya mini a rai. Ofishin da kullum ake turo masa hotunan samfur da takardun da aka yi sikanin, imel ɗinsa na shekara tara bai kamata ya tsaya nan ba. Na duba ranar da aka taɓa fayil ɗin a ƙarshe, na ga shekara uku da wata biyu baya. Na kwafe shi zuwa laftof, na buɗe a Outlook, na gangara kan saƙo na ƙarshe da ya shigo. Ranarsa ita ce ranar da na kawo musu sabuwar kwamfuta.

Gabana ya faɗi, domin nan take na gane abin da ya faru, na kuma gane hannun wa ke ciki.

Tsohuwar kwamfutarsu Windows 7 ce da Outlook 2007, wanda ke ajiye fayil ɗinsa a wani ɓoyayyen lungu, AppData\Local\Microsoft\Outlook. Shotkot ɗin Ajiya can yake kaiwa. Ranar da aka canza kwamfuta na kwaso tsohon fayil na ajiye shi a irin wannan lungu a sabuwar, don ko-ta-kwana, na kuma kwaso duk abin da ke fuskar tsohuwar har da shotkot ɗin. Sunan mai amfani bai canza ba, don haka shotkot ya ci gaba da buɗewa kamar kullum. Outlook 2016 kuwa ya buɗe wa kansa sabon fayil a Documents\Outlook Files, mai ɗauke da sunan adireshin imel ɗin. Na shigo da tsofaffin saƙonni cikinsa, komai ya tashi lafiya, na karɓi kuɗina na tafi. Ban gyara shotkot ba, ban canza takardar bango ba. Alhamis sama da 160 dattijon nan yana bin rubutuna layi-layi, yana kwafar fayil ɗin da ko saƙo ɗaya bai ƙara shiga cikinsa ba.

Da na yi masa bayani sai ya yi shiru, can ya ce, "Ashe shi ya sa. A tsohuwar, in na manta ban rufe Outlook ba sai ta ƙi kwafa, ta yi mini faɗa. Wannan kuwa ko a buɗe yake kwafa take yi. Na ɗauka sabuwar ce ta fi ƙarfi."

Maganar nan har yau tana zaune a raina. Outlook yana kulle fayil ɗin da yake aiki da shi, Windows ba ta iya kwafarsa yadda aka saba sai an rufe shi. Fayil ɗin da ya yarda a kwafe shi alhali Outlook na buɗe, to ba shi Outlook ke amfani da shi ba. Ga kuma filash ɗin kansa. Yawancin filash daga giga 32 zuwa ƙasa da tsarin FAT32 suke zuwa daga kanti, wanda ba ya karɓar fayil guda da ya kai giga 4, ko da filash ɗin babu komai a cikinsa. Da fayil na gaskiya ake kwafa, da tun watannin farko Windows ta ce ya fi ƙarfin filash, da an kira ni, da an gano. Shirun da kwamfutar ta yi shi ya rufe mu duka.

Ana cikin haka Alhaji ya shigo daga sito, ƙurar riɗi a bakin rigarsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin komai, kuskuren nawa ne, ba na Malam ba. Abin da na rubuta masa shi ya yi."

Ya ce, "Injiniya, ajiye maganar laifi tukuna. Za a samu ko ba za a samu ba?"

Akwai dalilin tambayar. Suna bin wani mai saye ragowar kuɗin kwantena biyu na zoɓo, mutumin yana neman ya sake rage farashi da hujjar danshi. Shi kuwa tun kafin a loda kaya ya amince da sakamakon gwajin a rubuce, ya sa hannu, ya turo ta imel wata biyar da suka wuce. Takardar tana cikin faifan da ke ƙas-ƙas. Na ce masa ba zan yi alkawari ba, amma a sa a tayar da janareta, a kuma aro mini UPS, batirin da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, daga maƙwabta, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar aikin nan zai iya ƙarasa faifan.

Ceto

Na kunna kwamfutar sau ɗaya. Ban buɗe Outlook ba, domin da zarar ya buɗe zai fara rubutu a fayil ɗin. Ta Control Panel na bi, na shiga Mail, na danna Data Files, nan ya nuna mini ainihin fayil ɗin da inda yake zaune. Giga 11.4. Wannan ita ce hanyar da ya kamata kowa ya bi kafin ya kwafi komai: a tambayi Outlook da kansa wane fayil yake amfani da shi, kada a dogara da suna ko da inda aka saba gani. Sannan na duba lafiyar faifan da manhajar CrystalDiskInfo. Ta nuna ruwan ɗorawa, alamar gargaɗi, da adadin wuraren da faifan ya kasa karantawa yake jiran ya sauya musu mazauni.

A nan na sake yin abin da bai dace ba, kuma ina faɗarsa don wani ya kauce. Na jona faifan waje nawa, wanda muke kira estanal, na ja fayil ɗin na saki kamar yadda kowa zai yi, ina fatan sa'a. Ya tafi har kusan kashi biyu cikin uku, sai ya tsaya, ƙarar ta dawo, bayan mintoci Windows ta fito da saƙon kuskuren CRC, wato abin da ta karanto bai yi daidai da lissafin tantancewarsa ba. Windows in ta kasa ƙarasa fayil ba ta bar maka rabin da ta samu, watsar da shi take yi. Minti ashirin na wahalar da faifai mai ciwo, ban samu ko ƙwaya ba. Na kashe.

Babban ɗan Alhaji, wanda ya ɗan san kwamfuta, ya kawo shawara a sa Windows ta gyara faifan da chkdsk, ko a sa SCANPST, ɗan kayan gyaran da ke zuwa tare da Office. Na ƙi duka biyun. Dukansu rubutu suke yi a kan abin da suke gyarawa, kuma fayil ɗin nan shi kaɗai ne a duniya. In gyara ya karkace babu inda za a koma. Sai an fitar da kwafi tukuna, a yi gyaran a kan kwafin.

Na tayar da kwamfutar da Linux maimakon Windows daga wani filash, na haɗa faifan a yanayin karatu kawai, na sa manhajar ceto mai suna GNU ddrescue a kan fayil ɗin shi kaɗai, ba faifan gaba ɗaya ba. Bambancinsa da kwafar Windows shi ne dabara. Yana fara kwashe duk inda ke karantuwa cikin sauƙi, in ya ci karo da wuri mai ciwo ya tsallake ya yi gaba, sai daga baya ya dawo yana lallaɓa gefe-gefen wuraren da ya bari. Yana kuma rubuta taswirar abin da ya samu da abin da ya rage a wani ƙaramin fayil, ta yadda ko an katse shi zai ɗora daga inda ya tsaya. Kafin la'asar ya kwashe fiye da kashi 99 cikin 100. Ragowar ce ta ci lokaci. Muka yi magariba, muka yi isha'i, ana ƙara wa janareta mai, akawu yana zaune a gefena ya ƙi tafiya gida, idonsa a kan lambobin da ke motsi a hankali. Wajen ƙarfe goma na dare na tsayar da shi, domin zagaye na uku bai ƙara ko kaɗan ba. Abin da ya gagara kusan kilobayit 400 ne, a warwatse a wurare kamar talatin.

Kilobayit 400 cikin giga 11 kamar ƙwayar riɗi ce a buhu, Alhaji ma da ya ji sai ya yi hamdala. Na ce ya dakata. Fayil ɗin PST ba buhu ba ne, sito ne da littafinsa. A cikinsa akwai kayan, wato saƙonni da takardun da aka liƙa musu, akwai kuma jerin da ke nuna wane saƙo ne a wace folda, kuma gutsattsarinsa suna ina. In ramin ya faɗa a kan hoton samfur, hoto guda aka rasa. In ya faɗa a kan shafin littafin, saƙonni da yawa suna nan lafiya amma babu mai nuna hanyarsu.

Washegari na yi kwafi biyu na abin da aka ceto. Ɗaya na ajiye ban taɓa shi ba har yau, ɗayan na sa masa SCANPST a laftof ɗina. Kayan yana cikin foldar Office16, yana bin fayil mataki takwas, kuma kafin ya gyara yakan ajiye kwafi mai ƙarewa da .bak, don haka sai da wurin da ya ninka girman fayil ɗin. Sau uku na maimaita kafin ya daina samun kuskure. Da na buɗe a Outlook sai ga foldoji sun fito, har da wata sabuwa mai suna Lost and Found, inda ya tara saƙonnin da ya tsinta ba tare da ya san gidansu ba. Na buɗe sabon fayil fes na kwashe komai zuwa cikinsa. Fayil ɗin da aka yi wa ɗinki ba na yarda a ci gaba da aiki a kansa.

Sanin abin da ya ɓace ya fi ceton wuya, domin saƙon da babu shi ba ya ɗaga hannu. Littafin akawu ne ya fitar da mu. Yana da wani babban littafi mai baƙin bango da yake rubuta lambar kowace takardar kuɗi da ranar da ya aika ta da sunan wanda aka aika wa, da biro, tun kafin ofishin ya san kwamfuta. Kwana biyu muka yi, yana karantowa ina nema. Shekara shida na farko suna nan cif, kuma ko ba komai suna cikin filash mai jan zare. A shekara ukun baya, saƙonnin shigowa kusan duk sun tsira, sai guda ashirin da wani abu da takardun da aka liƙa musu suka ƙi buɗewa. Saƙonnin da aka aika su suka fi jin jiki: akwai giɓi na kusan mako bakwai, muka tsinci wajen rabinsu a Lost and Found, sauran babu su.

Saƙon mai sayen zoɓo yana nan, amma takardar da ya sa wa hannu tana cikin waɗanda suka ƙi buɗewa. Akawu ne ya lura cewa an sa wakilinsu na fiton kaya a Legas a kwafin saƙon. Aka buga masa waya, kafin azahar ya turo ta. Wannan rufin asiri ne daga Allah, ba tsarinmu ne ya kawo shi ba, kuma haka na faɗa wa Alhaji.

Tsarin da muka kafa

Canza faifai zuwa SSD, irin faifan da ba ya juyawa, da sayen UPS na ofis ba su da wani labari, rana ɗaya aka gama. Inda na zauna na yi tunani shi ne yadda kwafin zai kasance.

Na fara da rage fayil ɗin. Outlook 2016 yana iya riƙe fayil har giga 50 kafin ya cika, ba kamar na zamanin Outlook 2002 zuwa ƙasa ba da ke tsayawa a giga 2. Amma iya ɗauka daban, sauƙin kwafa daban. Fayil mai giga 11 in aka ce a kwafe shi kullum, wata rana za a ce ana sauri a bari sai gobe. Na raba tsofaffin shekaru zuwa fayiloli daban-daban, na bar shekarar da ake ciki da wadda ta gabace ta a fayil ɗin aiki. Da hannu na yi rabon, domin Archive na Outlook, mai ware tsofaffin saƙonni da kansa, ranar da aka taɓa saƙo a ƙarshe yake dubawa, mu kuwa yanzu muka gama kwashe su duka, sai ya ga kowanne sabo ne. Bayan nan na danna Compact Now, saboda fayil ɗin PST ba ya ramewa nan take don an cire masa kaya, guraben yake bari. Ya dawo giga 2 da ɗoriya. Fayilolin tsofaffin shekaru kuma na cire su daga jerin da Outlook ke buɗewa kullum, sai in ana nemansu, domin duk fayil ɗin da ya buɗe sai ya taɓa ranarsa, ya zama kamar ya canza alhali bai canza ba.

Filash na sallame shi daga wannan aiki. Bayan iyakar giga 4, wadda ana iya kauce mata da sake fomatin zuwa exFAT ko NTFS, na gano cewa da shi ake zuwa shagon buga takardu in firintar ofis ta ƙi. Duk wanda ya yi hulɗa da irin waɗannan shaguna ya san ƙwayar cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta mayar da su shotkot. Muka sayo estanal biyu a Beirut Road, na cika kowanne da H2testw na tabbatar girman da aka rubuta a jikinsa gaskiya ne, na yi musu fomatin NTFS, na liƙa wa ɗaya lamba 1, ɗayan lamba 2.

Dalilin sayen guda biyu shi ne filash ɗin da, a durowar da ke ƙarƙashin kwamfutar yake kwana. Ɓarawo ɗaya ko gobara ɗaya ta ishe su duka. Mutanen Kano ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba ta bar zukata ba. Yanzu ɗaya yana ofis, ɗaya yana gidan Alhaji, ranar Alhamis a yi musaya. Na ofis ɗin ma ba ya kwana a jone. Ana jona shi lokacin kwafa, a sallame shi, a zare. Faifan da ke jone kullum, duk abin da ya sami kwamfutar ya same shi, ko ƙarfin wuta ne ko ƙwayar cutar da ke kulle fayiloli ta nemi kuɗin fansa.

Tunda faifai zai riƙa yawo a mota ɗauke da sirrin ciniki da bayanan banki, na kulle su da BitLocker, kwamfutar Windows 10 Pro ce tana da shi. Lambar ceto mai lamba 48 na buga ta a takarda, tana cikin sef ɗin Alhaji. Kalmar sirrin da Outlook ke bari a sa wa fayil ɗin PST kuwa kada ta ruɗi kowa, ba ta ɓoye abin da ke ciki, kuma cire ta ba wuya.

Kwafar kanta na ɗauke ta daga hannu na mayar da ita ɗan fayil ɗin umarni da ake dannawa sau biyu. Yana fara duba ko Outlook na aiki, har da wanda ke maƙalewa a bayan fage bayan an rufe tagarsa. In yana nan, sai ya tsaya ya faɗa da manyan baƙaƙe. In babu, sai ya buɗe sabuwar folda mai ranar yau a estanal, ya kwafi foldar Outlook Files gaba ɗaya da robocopy, umarnin kwafa na Windows, ya haɗa da foldar sa hannun imel da ke AppData\Roaming\Microsoft\Signatures, wadda ba ta cikin PST. Na rage wa robocopy yawan maimaitawa zuwa ɗaya, domin in aka bar shi yadda ya zo, fayil in ya ƙi zai sake gwadawa har sau miliyan, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowanne. Sabuwar folda kullum tana da muhimmanci. A da akawu danne na makon jiya yake yi da na wannan mako. Da a ce fayil na gaskiya yake kwafa, da ranar da faifai ya fara ciwo zai danne lafiyayye da mai rauni. Saitin saba da kalmar sirrin imel ma ba sa cikin PST, su ma an rubuta su an sa a sef.

Kwafar ta koma kullum kafin a tashi, ba mako-mako ba. Saƙonnin shigowa suna da kwana 14 a saba da za su rufe giɓi, amma waɗanda aka aika ba su da kowa, kuma su ne muka fi rasawa.

Ɗan Alhaji ya tayar da muhawara mai kyau: me ya sa ba za a koma IMAP ba, komai ya zauna a saba, a huta da faifai? Ina goyon bayan hakan in sun shirya biyan babban akwati, ko don Alhaji ya riƙa ganin saƙo a waya. Amma na gaya masa hakan ba ya ɗauke kwafin ajiya. IMAP madubi ne, abin da aka goge a nan ya gogu a can, in wani ya sace kalmar sirri ya share akwati, kwamfutar ma za ta bi sahu. Kuma daga Outlook 2013 zuwa sama asusun IMAP a fayil mai ƙarewa da .ost yake zama, wanda ba a ɗaukarsa a buɗe a wata kwamfuta kamar PST. Wanda ke kan IMAP sai ya bi ta Import/Export ya fitar da saƙonninsa zuwa PST, ya haɗa da ƙananan foldoji, sannan ya kai estanal. Adireshi da kalandar da aka yi wa alamar This computer only ma a kwamfutar kaɗai suke. Na taɓa ganin wanda ya shekara yana kwafar .ost yana ganin ya tsira. Shawarar a zuba fayil ɗin aiki a OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, ma na ƙi ta, fayil ne da ke canzawa duk minti kuma a kulle, ga cin data. Duk wannan bayani a kan Outlook na asali ne, wanda ke zuwa da Office, sabon Outlook na Windows tsarinsa daban ne.

Abu na ƙarshe da na ƙara shi ne wanda rashinsa ya jawo komai. Shekara uku babu wanda ya taɓa buɗe kwafin ya ga abin da ke ciki, har da ni da nake zuwa ofishin lokaci-lokaci ina ganin filash ɗin. Gani ya kori ji. Yanzu Alhamis ta farko a kowane wata, akawu yana ɗauko kwafin jiya daga estanal ya sauke shi a wata folda ta gwaji a kwamfutar, ya buɗe ta Open Outlook Data File, ya duba saƙo na ƙarshe da ya shigo da na ƙarshe da aka aika, ya buɗe takarda guda da aka liƙa, sannan ya rufe fayil ɗin ya goge na gwajin. Ba a buɗe shi kai tsaye daga estanal, domin buɗewa taɓawa ce, kuma waya in ta motsa ana cikin aiki fayil ɗin zai iya lalacewa. A bayan babban littafinsa ya ja layuka huɗu da rula: rana, lambar faifai, girman fayil, ranar saƙo na ƙarshe. Tsohuwar takardar bango na cire ta da hannuna, sabuwar kuma na rubuta a ƙasanta cewa duk ranar da aka canza kwamfuta ko Office ko adireshin imel, takardar ta mutu sai an sake ta.

Bayan kamar wata biyu, dab da magariba, wayata ta yi ƙara.

"Injiniya, yau ta yi mini faɗa. Ta ce Outlook yana aiki, ni kuwa na rufe shi."

Na ce, "Madalla, Malam. Danna Ctrl da Shift da Esc tare. Ka ga Outlook a jerin?"

"Ga shi nan."

"Ba shi minti ɗaya ko zai fita da kansa, wataƙila saƙo yake ƙarasa aikawa."

Muka yi shiru a waya, ina jin ƙarar fanka da ta masu ɗinke buhu daga waje. Can ya ce ya fita. Ya sake danna fayil ɗin umarnin, ya karanto mini girman da ya nuna, giga 2.4, na ji yana buɗe littafi yana neman biro.